Haruffa Uku da Ba a Faɗa

Shekarar da nake aji huɗu a lakwal ɗinmu ta Matameye, malamarmu wata ƴar Kance ce, doguwa, mai magana a hankali kamar wadda ba ta son tayar da mai barci. Madam muke ce mata. In za ta koya mana kalmar Faransanci, sai ta sa mu raba ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tafi ɗaya.

Wata rana da zafi ta rubuta a allo: ils reviennent, wato suna dawowa. Ni hankalina yana kan wasu balbelu da ke bin shanu a bayan taga. Da ta kira ni in raba kalma ta biyun, na miƙe na tafa har sau huɗu, na karanta kowane harafi da na gani.

"Biyu ne, ƴata," in ji ta. "Re, vienn. Ukun ƙarshe ana rubuta su, ba a faɗarsu."

Ban yarda ba. Har na isa gida ina jin tausayin haruffan.

Kakana, wanda duk unguwa ke kira Malam, yana zaune a zaure yana feƙe alƙalami. Ya ga bakina na motsi.

"Amarya, da wa kike faɗa?"

Na nuna masa littafina, na ce Nasara ɓarnar tawada suke yi. Ya daɗe yana kallon rubutun da bai iya karantawa ba. Ya tambaye ni ko mutum ɗaya ne ke dawowa ko jama'a. Na ce jama'a. Sai ya jawo allonsa, ya rubuta wata kalma ta Larabci, ya ɗora yatsa kan alifin da ke tsaye bayan wawu.

"Wannan ma ba ya magana. Tsayawa kawai yake yi, a san mutane da yawa ne."

Washegari na tafa sau biyu daidai, na kuma gaya wa Madam abin da Malam ya ce. Ba ta yi dariya ba. Bayan la'asar sai ga ta a ƙofar zaurenmu, ta tuɓe takalmi ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, na zo a nuna mini alifin nan."

Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma. Ita ta rubuta nata a ƙasa da tsinke, shi ya rubuta nasa a gefe. Ya gwada faɗar kalmarta, harshensa ya ƙi, ta fito "rabiyan". Ta gyara masa, ya sake, ita ma ya gyara mata nata.

Na kwanta a kan buzunsa ina saurare. Iskar hadari ta fara kaɗawa daga wajen Dawce, da ƙamshin ƙasa a cikinta. Muryoyinsu suka yi ta nisa, ɗaya tsohuwa ɗaya siririya, har ban ƙara bambance Larabci da Faransanci ba. Da na farka Madam ta tafi, innata kuma tana kwashe shanya.