Na Je Paris Neman Dariyar Sani

Watan nan ɗana Sani ke cika shekara tara a ƙasa. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ƙanwarsa Rakiya ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana. Fuskarsa tana nan a hoto. Muryarsa ce ke zille mini, dariyarsa kuwa ta ɓace mini ƙaf, ita na je nema har Paris.

Sani ba mai dariya ba ne. Tun rasuwar mahaifinsa ya kama aikin ɗaukar kaya a wata mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, nan Vénissieux gefen Lyon, ya dawo ya ci tuwo ya rufe ɗaki. Sai wasu ranakun Lahadi bayan azahar, ya sa baƙar riga ya fice. Ni kuwa ba uwar da ake sallama da "na je wajen abokai" ba ce. Ran nan na yafa mayafi na bi sawunsa, daga jirgin tram zuwa na metro, har wani tsohon gareji cikin Lyon.

Giya na zaci zan tarar, sai na tarar da makaɗa uku: mai jita, wata yarinya mai ganguna, da wani siririn Bature mai waƙa kamar zazzaɓi na cinsa. Ba a sa su a rediyo, mutane ko rabin garejin ba su cika ba, amma kowa ya haddace waƙoƙin. Can gaba na hango Sani, ido a rufe, baki na motsi, kafaɗunsa sun sauka. Rabona da ganinsa haka tun yana yaro.

Kiɗan bai yi mini daɗi ba, har yau ban ce ya yi ba. Amma mu a Damagaram, in makaɗi ya faranta ran naka, ba a barinsa ya tashi shiru. Da suka tsaya cak na ɗauka an gama, na kama hanci na rangaɗa guɗa. Ashe shirun a cikin waƙar yake, da gangan suke yinsa, kowa ya riƙe numfashi. Duk aka waiwayo. Sani ya gan ni, ya fashe da dariya har da dafe gwiwa.

"Inna, ba a gama ba!"

"To su gama mana, wa ya riƙe su?"

A hanya ya yi ta tsokanata, wai baƙar riga kawai ta rage mini. Na ce ya kiyaye ni. Shekara ba ta zagayo ba zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Makaɗan ma daga baya suka watse.

Can aka fitar da faifan wasan ranar, Rakiya ta kunna mini a waya. Ga guɗata raɗau, sai ganga ta shigo nan take. Sun yanke abin da ke tsakani, dariyar Sani. Da na ji bana sun sake haɗuwa za su yi wasa a Paris, na ce mata mu hau jirgin ƙasa. Wanda ya yanke abu ya san inda ya ajiye shi.

Zauren ƙato ne, cike da yaran da ba su kai shekarun Sani ba, kowa ya ɗaga waya sama. Da aka zo shirun nan, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya da guɗa. Guɗa marar hanci, marar gida. Rakiya ta raɗa mini cewa tun fitar faifan haka masoyansu ke yi, ya zama al'ada. Na kasa kunne ko wani zai yi dariya a bayanta. Ganga ce ta shigo.

Bayan an tashi Rakiya ta samo mana mawaƙin. Ya yi ƙiba, gashi ya zube. Da ya ji ko ni wace ce ya kama hannuna da hannu bibbiyu yana "Maman, Maman", na janye abina. Na ce ta gaya masa ba yabo na zo karɓa ba, asalin sautin da aka ɗauka ranar nake so. Ya ce mai haɗa sauti ne ya share hayaniya, na'urar kuma ta daɗe da lalacewa. Sannan ya tambaya, cikin ladabi, wai an yi dariya ne ranar?

Ina tambayar kaina me Sani zai ce da ya ga wannan taro. Ba ya son cunkoso; wataƙila ya ce sun ɓata shirun, kuma ni na koya musu. Zai dara, wannan na tabbata. Yadda dariyar za ta fito ne ban sani ba.

Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, mangazar ta sa wani a gurbinsa. Abin da ya tsira daga yinin da ya fi kowane yi masa daɗi, muryata ce a bakin mutanen da ba su san sunansa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

A jirgin dawowa Rakiya ta ce bari ta kwaikwaya mini dariyar, ita tana tunawa. Ta yi. Na ce ta bari. Ta ɗauka ba ta yi daidai ba ne. Ni kuwa na kasa gane ko ta yi daidai ko ba ta yi ba.