Duwatsu Bakwai na Iya

Jiya na bi ta bayan Takur, na ga ana haƙa harsashin gini a tsohuwar gonarmu, sai Iya ta faɗo mini a rai.

A rinjin kakana aka haife ta cikin bauta, ita ta yi goyona. Kullum ta zo gefen gonar sai ta tuɓe takalmi, ta share wasu duwatsu bakwai da tafin hannu.

Shekarar da na sayi garmar shanu na kwashe duwatsun. Ta riƙe mini riga, hannunta na warin daddawa.

"Ɗan nan, uwata ce kwance a nan. Kakanka ya buge ta da ƙotar fartanya don ta zauna ba ni nono. Ko shurawa ba ta yi ba."

Na ce, "Iya, abin da ya wuce ai ya wuce."

Na kora shanu. Gero ya yi kyau a wurin, na ci. Ita ba ta ƙara taɓa tuwon gidanmu ba har ta rasu, ban kuwa nemi gafararta ba.

Jiya na duba, na kasa gane wurin. Allah Ya jiƙansu su biyu. Ni ban san da wane baki zan roƙa wa kaina ba.