Rufin da Aka Zuba wa Mota Mai Tashi

Mahaifiyata ba ta taɓa taka ɗakina ba, kuma har yau idan na tuna dalilin sai raina ya ɓaci.

Maigidana malamin koyar da gyaran injuna ne. A shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a hannun ma'aikata aka tura shi kwas ƙasar waje. Abokan tafiyarsa suka dawo da rediyo da keken ɗinki, shi kuwa ya dawo da mujalla. A tsakiyarta akwai zanen mota mai fukafukai tana sauka a kan rufin gida. Wannan zanen ne ya zaɓa mana fili.

Filaye biyu aka nuna masa can bayan unguwar Shamaki, ɗaya a bakin hanya, ɗaya a hayin kwari. Duk ɗan Gombe ya san halin kwarin garin nan, kowace damina sai ya ƙara cin bakinsa. Ya zaɓi na hayin. Na ce, "Malam, ta ina mota za ta bi?" Ya buɗe mujallar ya ɗora yatsa. Ya ce titi ya kusa zama tsohon yayi, kafin yaranmu su gama firamare kowa ta sama zai riƙa zuwa kasuwa. A lokacin mutane sun yarda da komai, tunda kullum sai ka ga sabon abu ya shigo gari. Ni dai ban yarda ba, amma wa ya tambaye ni?

Ya ƙi kwano, ya zuba rufin kankare shimfiɗaɗɗe, ya yi masa matakala, ya shafa farar da'ira a tsakiya don direba ya hango. Ranar da ya fara hawa, kafin la'asar mai unguwa ya yi sallama. Daga saman ana ganin tsakar gidan maƙwabta, har bayan gidansu da ba rufi. Malam ya yi ta bayani cewa idan motocin suka fara tashi kowa ma sai ya rufe gidansa. Mai unguwa ya ce to, kafin su tashi a toshe matakalar. Aka toshe. Ko kuɓewa ban taɓa shanyawa a can ba.

Duk wannan da sauƙi. Dada, haka muke kiran mahaifiyata, ciwon gwiwa ya riga ya kama ta. Ni ce autarta, ta yi shekaru tana tara mini langa da tasoshi, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta fara zuwa, mai tasi ya ajiye ta a bakin kwari. Ta dubi gangaren, ta dubi hawan da ke can gefe, ta nemi gindin darbejiya ta zauna. Malam ya sauko ya durƙusa ya ce zai sa a ɗauke ta a kujera. Ta kau da kai ta ce da ni, "Faɗa masa ba za a cicciɓe ni a gaban suruki ba ina da raina."

Tun daga nan gindin darbejiyar ya zama ɗakin baƙinmu. Duk Juma'a in sauka da kwanon tuwo a ka, goyo a baya, yashi na zamewa a ƙafata. Ranar sunan ɗana na fari ana guɗa a gida, ita tana wancan hayin ita kaɗai, sai da aka tsallaka mata da jaririn. Kullum tambayarta ɗaya ce: langar nan mai jan fure, a wane layi na sa ta? In zana mata jeren a ƙasa da tsinke, ta gyara mini da sandarta.

Malam kuma bai fasa ba. Ya durƙusa ya ce, "Dada, a ƙara haƙuri, ta sama za mu sauke ki." Na taɓa kasa daurewa na ce masa ya tara maƙwabta su sassaƙa matakala a jikin kwarin mana. Ya ce ɓata ƙarfi ne a kan abin da ya kusa wucewa. Na yi kwana uku ban dafa masa abin kirki ba, na kuma ji haushin kaina da hushin nawa bai wuce tukunya ba.

Dada ta rasu da damina. Gadar da aka yi wa kwarin ta zo bayanta da shekaru masu yawa, Malam ma ya bi ta da kekensa kamar kowa.

Kwanan baya jikata ta kawo mini waya, ta nuna mini wani abu mai farfela ta ko'ina yana ɗaga mutum biyu ba direba. Ta ce, "Kaka, ashe mijinki ya fi ki hangen nesa." Na ce ta matso da shi kusa da idona. Na duba ƙofar sosai, na tambaye ta yadda ake shiga. Ta ce ai 'yar matakala ce, taku uku.

Na mayar mata da wayarta. Dada ko taku ɗaya ba ta iya hawa.