Hammawa da Faifan Fanya

Hammawa bai gaji zama wuri ɗaya ba. Ubansa makiyayi ne a gefen Gamawa, da shanun suka ƙare sai yawon ya rage wa ɗan. Ya bi fataken goro kudu, daga can jirgin ruwa ya kwashe shi zuwa Fanya, tsibirin da Turawan Sifaniya ke noman koko. Da ya dawo Azare bayan babban yaƙi, tsarabar da ya kawo wa matarsa Kellu ita ce tari, da garmaho, da faifai guda tal.

Faifan nan ya hana unguwa sakat. Allurar garmahon ta cinye, ya koma fere ƙayar aduwa yana sawa. Da hantsi, mazan kirki na gona, sai ka ji mutumin cikin faifai yana rera kukansa da yarensu, Hammawa na fassara wa duk wanda tsautsayi ya tsayar.

"Cewa yake, na kwance kwalekwalena ban sallami kowa ba. Inda za ni babu mai kiran sunana da safe."

A Fanya, ƙarƙashin bulalar mai gandu, Azare waƙar ke nuna masa. Yanzu ga shi a Azare, ta koma nuna masa teku. Gero ya isa girbi, shi kuwa ƙafa na ƙaiƙayi. Ya ce ran kasuwa zai bi motar Kano.

Kellu ba ta yi kuka ba, ta gama wannan tun tafiyar farko. Ta daka guzuri, ta ɗaure ƙunshi biyu, ta kai akuyarta ajiya gidan yayarta Ya Fanna.

"Maigida, sa mana mai kukan nan. Kwalekwalen nasa mutum nawa yake ɗauka?"

"Waƙa ce fa, Kellu."

"Na ji. Matarsa fa? Ko garinsu ba a aure?"

Ya murɗa garmaho, ya sunkuyar da kai yana saurare kamar yau ya fara ji.

"Akwai wata. Tana bakin gaɓa."

"Tana me?"

"Bai waiwaya ba, balle ya sani."

"Ni na sani, na sha yin aikin. Wannan karon ciki zan zauna, ko kwalfar ruwa ce in yi maka."

Hammawa ya dubi ƙunshin nan biyu. Tafiya da Kellu a baya, tana tambayar inda za a kwana da abin da za a ci, ai ba ita ce tafiyar cikin faifai ba. Wannan gida ne aka ɗora a ka.

Ran kasuwa motar Kano ta tashi babu shi. A gona aka gan shi yana saran gero kamar da gayya, yana ɗago kai duk sa'ad da mota ta yi ƙara a hanya. Kellu kuwa ba ta kwance ƙunshinta ba. Yana nan bakin ƙofa, sai Hammawa ya tsallake shi kafin ya fita.