Jirgin da na ƙi kira jaɓa

A shekarata ta biyu a wata kwaleji da ke Setapak, can ƙasar waje, na faɗi darasin zanen injuna, aka ce in maimaita. Dokar kuwa a fili take: wanda ya faɗi sau biyu ba za a sabunta masa takardar zama ba, sai gida. Ina tsoron wannan komawar fiye da yadda nake nunawa.

Malamar wata 'yar ƙaramar mata ce, ba ta da hira sai ta jiragen ƙasa masu gudun tsiya. Ta nuna mana hotunansu a allo: wannan mutanen ƙasarsu na ce masa agwagwa saboda faɗin bakinsa, wancan kuma an kwaikwayi bakin tsuntsu mai kamun kifi. Ni haushi ma ya kama ni. A yi jirgin da ke haɗiye tafiyar yini kafin shayi ya huce, a rasa abin kiransa sai agwagwa? A wurinmu ko tsohuwar motar ɗaukar itace kirarin giwa ake rubuta mata a baya.

Aikin jarrabawa shi ne kowane mutum biyu su ƙera hancin jirgi da yumɓu, su ɗauko siffar daga wata dabbar ƙasarsu. Aka haɗa ni da wani ɗan Filato, mai sanyin hali, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Muna shan shayi a kedai, wato ɗan shagon ƙasan benenmu, ya ce, "Mutumina, jaɓa za mu yi. Dubi bakinta, dogo, siriri. Perfect."

"Jaɓa? Abin da ake bi da tsintsiya saboda wari? Da sunan Najeriya?"

"Iska no dey smell am, ai."

Na kafe a kan zaki. Na yi masa huɗuba a kan martaba da idon duniya har ya gaji, ya ce to. Kwana huɗu ina gyara geza da tsinken sakace.

Ranar gwaji aka sa kowane hanci a cikin akwatin gilashi, fanka na turo hayaki. Na wasu 'yan China biyu hayakin ya bi ta kansa sumul ya wuce. Da aka zo kan zakina, hayakin ya daki goshi, ya tsaya, ya dunƙule a cikin geza kamar an jiƙa itacen girki.

Malamar ta ce kyakkyawa ne ƙwarai, sannan ta tambaya ko jirgin tafiya zai yi ko zama. Ta dubi takardarta, ta ga ni mai maimaici ne, sai ta ba mu damar gyarawa. "One week. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya.

Abokina ya miƙo mini yumɓun kawai. Da hannuna na murje gezar, na ja hancin ya yi tsawo, ya yi tsini, ya yi muni. Hayaki ya bi ta kansa ko gezau.

Muka ci. Don karramawa kwalejin ta manna hotonmu a allon sanarwa, ni ne riƙe da abin, an rubuta sunan dabbar, jaɓa, da manyan baƙaƙe daidai ƙirjina. Shi abokina ya san abin da ya sa ya tsaya a gefe. Kafin Juma'a duk Bahaushen da ke Setapak ya je ya gani, har da waɗanda rabonsu da harabar kwalejin tun ranar rajista.

Shekara biyu ana ƙwala mini wannan suna a tashar bas, a masallaci, a gaban 'yan mata. Ina jin zafinsa kowane lokaci. Amma duk sanda aka kira sai na waiwaya na amsa, don da takardar zamata a aljihu nake amsawa.