Jitar Da Muka Juya a Kagoro

Gari bai gama wayewa ba muka bar Nok, ni da maman yara, mu biyu a bayan mai okada ɗaya. An kwana ana ruwa. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan gonakin citta, har bishiyoyin ɗorawa suka zama kamar mutane tsaye cikin farin zane. Ƙarar babur kawai ake ji, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ku da kuka san ni tun da, kun san shekara goma sha biyar ina kaɗa jitar bes a majami'armu, wato babbar jitar nan mai wayoyi huɗu da murya mai kauri. Shekaru biyu da suka wuce injin yankan citta ya ɗauke mini yatsu biyu na hannun hagu, na tsakiya da na kusa da shi. Su ne yatsun da nake danna waya da su. Tun daga lokacin na koma kujerar baya, ina tafa hannu kamar baƙo. Maman yara ce ta ce wata rana, tana tsinke ganyen yakuwa ba ta ko dube ni ba, "Baban yara, hannun dama fa yatsunsa biyar ne. Ka juya abin mana." Wato dama ta riƙa danna waya, hagu ta riƙa kaɗawa da abin da ya rage mata. Sai dai jitar majami'a ba tawa ba ce da zan juya ta, akwai mai kaɗa ta yanzu. Jitar bahago kuwa sabuwa, ko a mafarki kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Abin da muke da shi kuɗin buhun citta ɗaya ne, ɗaure a bakin zaninta.

A Kwoi muka shiga bas. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani, kuma duk da haka sai da aka ɗora mini kwandon kaji a gwiwa. Hanya ta yi laushi da ruwa, direba yana kewaya ramuka a hankali kamar mai rawa da tsohuwa. Wajen Kagoma mata sun jera doya a bakin titi, sabuwar haƙa, da jar ƙasa a jikinta. Na yi gyangyaɗi. A cikin barcin ina tsaye gaban mawaƙa, yatsuna duka suna nan, suna gudu a kan waya. Da na farka sai na tarar ina danna gefen kwandon da yatsun da babu su. Har yanzu nakan ji su, musamman idan gari ya yi sanyi.

Mun iso Kafanchan rana ta fara ɗagawa. Muka tsallaka layin dogo, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafunan, awaki suna kiwo a inda jirgi yake bi a da. Wata 'yar zumuntar matan majami'armu ce ta kwatanta wa maman yara wurin: shagon wata madam mai ba da hayar rumfuna da kujeru da kayan kiɗa. Muka same ta tana ƙirga kujerun roba da aka dawo da su daga biki.

"Kun zo domin jita? Sannu da hanya. Akwai shi guda biyu a ciki."

Ta fito da ta farko, ja, tana walƙiya kamar sabuwar mota. "Oga, wannan ne mai kyau. Ka ga yadda yana ƙyalli?" Na ɗaga ta, na rufe ido ɗaya, na dubi wuyanta daga gindi zuwa kai. Ya lanƙwashe kamar bayan jaki. Irin wannan ko ka danna da ƙarfi sai ta yi maka gardama. Ta biyun tana can bayan tarin rumfuna, baƙa, fenti ya ɓare a gefe, an manna mata hotunan 'yan ƙwallo, wayoyinta sun yi datti. Amma wuyanta a miƙe yake sambal, kunnuwanta huɗu na ɗaure waya duk suna juyawa.

Matsalar ita ce babu wuta a unguwar, janaretan madam kuma yana wajen haya. Ba yadda za a yi in ji ta a sifika. Sai na yi abin da wani tsohon makaɗi ya koya mini: na ɗora haɓata a kan katakon, na ja babbar wayar da babban yatsa. Muryar ta bi ta haƙorana, ta shiga kaina, ta gangara ƙirji, ta daɗe tana tafiya kafin ta mutu. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Madam ta tambayi maman yara a hankali, "Oga yana addu'a ne?"

Ciniki na bar wa maman yara, don ni fuskata ta riga ta tona mini asiri. Ta nuna ɓarewar fenti, ta nuna datti, ta ce ai ba a ma san ko tana magana ba. Ta juya kamar za ta tafi har sau biyu. A ƙarshe madam ta dubi hannuna, ta ce, "Ku kawo abin da kun ce. Amma in ya ƙi yi, kada ku dawo mini da shi." Muka yarda. Abin da ya rage a zanin ya isa mota da abinci da ladan mai gyara, ban da sababbin wayoyi.

Mun ci gwaten acca a wata rumfa kusa da tasha, mai zafi, da yakuwa da gyaɗa a ciki. Na jingina jitar a bango cikin buhun shinkafa, kanta ya leƙo waje, ina ci ina satar kallonta.

Daga nan sai Kagoro. Dutsen ya fara bayyana tun daga nesa, shuɗi-shuɗi, kansa cikin gajimare, da siraran ruwa suna gangarowa a jikinsa. Kana matsowa yana ƙara tsawo, har ka ga gidaje da makarantun mishan sun zama ƙanana a gindinsa. A can wani tsohon kafinta yake, mai gyaran bencin majami'u da ganguna, kowa Baba yake ce masa. Muka gaishe shi, na miƙa masa jitar, na nuna masa hannuna. Bai ce mini sannu ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce kawai, "Ɗana, riƙe shi yadda kana so ka riƙe."

Na juya ta, wuyanta ya koma dama. Nan ya ga aikin da ke gabansa. Babbar waya ta koma ƙasa, dole a sake jera su. Ɗan farin abin nan da wayoyi ke kwanciya a kai a saman wuya, ramukansa sun zama a juye. Baba ya ɓamɓare shi, ya buɗe wata gwangwani ya ɗauko ƙashin saniya da ya bushe, ya zauna yana gogawa da zarto, yana gwadawa, yana hurawa. Ya cire ƙusar da ake rataya maɗauri ya mayar da ita ɗaya ɓangaren. Maɓallan ƙara murya sun koma daidai inda damtsena ke gogawa, sai ya cire kawunansu biyu, ya bar ɗaya.

Wayoyin kuwa, tunda ba kuɗin sababbi, dafa su muka yi. Mama, matar Baba, ta ba mu tsohuwar tukunya, muka naɗe su muka zuba ruwa, suka tafasa har dattin shekaru ya taso sama. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Mama, yau taliyan ƙarfe kina dafa wa baƙi?" Muka shanya su a rana, muka zauna muna cin gasasshiyar masara da atili, muna kallon inuwar gajimare tana tafiya a jikin dutse.

Wajen ƙarfe uku Baba ya kai mu wata ƙaramar majami'a a bayan gidansa mai wutar sola. Muka jona jitar a sifika. Na ja waya. Shiru. Na murɗa maɓalli, na sake ja. Shiru. Na dubi maman yara, ta kawar da kai tana gyara ɗankwali, na san tana tunanin buhun citta. Baba ya kwance murfin da ke jikin jitar, ya sa tabarau, ya leƙa. "Ga shi. Ƙaramin waya ya tsinke." Ya koma gida ya sa ƙarfen dalma a sauran garwashin da muka yi dafuwa, ya dawo da shi da zafinsa ya ɗiga dalma ya haɗa wayar.

Na sake ja. Kwanon rufin ya amsa, bencina suka yi rawa, wata tsattsewa ta fita ta taga. Muryar da na ji a haƙorana ce, yanzu ta cika ɗaki.

Sai na gwada waƙar da na fi sani a duniya, wadda nake kaɗawa ido rufe. Ba ta fito ba. Kaina ya san hanya, hannun dama bai taɓa bin ta ba. Yana danna inda ba nan ba, wayar tana kuka, fatar yatsuna tana zafi. Na tsaya, kunya ta rufe ni. Maman yara ta zauna a benci na gaba, ta fara rera waƙar a hankali, a hankali ƙwarai, tana jirana a kowace gaɓa. Na danna waya na bi ta da murya ɗaya, sai ta biyu, sai ta uku. Baba ya jingina a ƙofa yana kaɗa ƙafa. Mun kai ƙarshen baiti ɗaya, kuma sau huɗu kawai na ɓata.

Mun iso gida rana tana gab da faɗuwa, jitar a goye a bayana cikin buhunta. Abin da na koyo ba mai yawa ba ne. In za ka sayi tsohuwar jita, wuya za ka duba, ba fenti ba, kuma ka tafi da wanda ya fi ka iya ɓoye fuska. Na kuma gane cewa juya jita aikin yini ɗaya ne, juya mai kaɗa ta shi ne dogon aiki. Shekaruna arba'in da shida, ga ni ɗan koyo.

Ban gama wanke ƙafa ba shugabar mawaƙanmu ta yi sallama, labari ya riga mu isowa. Ta ce ran Alhamis akwai koyon waƙa, in zo da kayana.

"Mama, murya uku kawai hannun nan ya iya," na ce.

"To ka zo da su," in ji ta. "Za mu nemi waƙa mai murya uku."