Ƙwayoyin Tsamiya Tara da Kawu Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a lambunsa na bayan gida. Har yau abin bai zauna mini ba, don da safiyar ranar mun gaisa ta kan katanga.

Kawu, duk unguwa kai aka sani da maganin iri mai taurin ɓawo. Wanda ya shuka ya yi wata bai ga tsiro ba, wurinka yake zuwa. Wani irin ka goga gefensa a dutse, wani ka ɗan ɓantare shi da abin yankan farce, wani ka jiƙa a ruwan zafi ya wuni. Sannan ka raka mutum har ƙofa da ɗan taki a leda.

Na sha tambayarka iya zafin da ruwan zai kai, sai ka tsoma yatsa ka ce, "Kamar haka." Ranar da na gwada da kaina na tafasa irin kuɓewa lugub, ka leƙa tukunyar ka ce, "Ɗana, shuka za ka yi ko girki? Miƙo gishiri mana." Muka yi dariya, ban sake tambaya ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Shekaranjiya matarka ta miƙo mini gwangwani, ta ce tun bara ka ce nawa ne. Ƙwayoyin tsamiya tara, na ƙarshe daga bishiyar gidan kaka da aka sare lokacin faɗaɗa hanya. Me ya sa ni, Kawu? Gogawa ake yi, ko jiƙawa, ko duka biyu? Ka taɓa cewa akwai gefen da ba a taɓawa, na manta wanne ne. Mai sayar da furanni ya ce ruwan zafi, malamin gona ya ce kada in kuskura. Wallahi na rasa na kamawa. Jiya na goga ɗaya, na zarce har ta rabe biyu.

Allah Mai tsaga ƙwaya ya fitar da tsiro, ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa, da mahaifiyata, wadda ta riga ta haƙa ramin dashe a tsakar gida, kullum tana zuba masa ruwa. Ban iya gaya mata saura takwas ba.